Yadda Ake Kwance Sifindil na Motar Yankan Ciyawa a Canza Masa Boris

Idan ka kunna wuƙa ka ji ƙasan motar ya ɗauki wani gurnani da ba ka saba ji ba, ko ka waiwaya ka ga ciyawar da ka bari a baya ta yi tudu da kwari, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, to mafi yawan lokuta boris ɗin sifindil ne ya fara sallama. Sifindil shi ne turken da ke riƙe wuƙa a jikin dek, wato faffadan kwanon ƙarfen nan da ke rataye a ƙarƙashin motar. Dek mai faɗin inci 42 sifindil biyu gare shi, mai inci 48 ko 54 kuma uku. Kowane ɗaya gida ne na alminiyam, ko na baƙin ƙarfe a manyan motocin kamfani, da shaf a tsakiya, boris sama da ƙasa, ɗan bututun sifesa tsakaninsu, fuli a kai, wuƙa a gindi. Wuƙar tana juyi wajen sau 3,000 a minti, kuma waɗannan boris biyu ne ke ɗauke da nauyin juyin gaba ɗaya.

'Yan uwanmu da yawa a Saudiyya ne ke riƙe da istirahohin Thumama, wato gidajen shaƙatawa, da gonakin Kharj da ƙananan filayen ƙwallo a Jidda, kuma abin da aka saba shi ne da sifindil ya yi kuka sai maigida ya ce a yi odar sabo. Yawancin motocin nan, John Deere da Husqvarna da Cub Cadet da sauransu, ƙirar Amurka ce, in dila ba shi da kayan a ƙasa sai a yi ta jira, ita kuwa ciyawar Bamuda da ke shan ruwa safe da yamma ba ta jiran kowa. Alhali abin da ya lalace a ciki boris ne na gama-gari, irin wanda ke cikin injin famfon ruwa, kuma kusan kowane shagon boris a Sana'iyya, unguwar masu gyara da kayan gyara, yana da shi. In gidan da shaf suna lafiya, aikin wuni ɗaya ne, har da zuwa kasuwa.

Tabbatar da ciwon tukuna

Ajiye motar a daɓen da yake daidai, ba gangara, ja birki, zare makulli ka sa a aljihu, cire wayar fulogi, sannan ka kwance wayar batir ta baƙi. Kada ka raina wannan, hannunka zai daɗe a tsakanin wuƙaƙe. Sauke dek ƙasa, saki bel daga kan fulin, ka juya kowane sifindil da hannu. Mai lafiya yana juyawa lum, shiru, da ɗan nauyin giris. Wanda ya mutu za ka ji ƙaras-ƙaras a tafin hannunka, ko ya riƙa cijewa yana saki, ko kuma ya yi ta gudu sakaka da ƙara saboda ya bushe. Sa safar hannu, kama bakin wuƙar ka girgiza sama da ƙasa: in ta yi kwal-kwal, an gama magana. Ka juya ƙananan fulin da ke tsuke bel su ma, domin sau da yawa su ne ke kukan ana ɗora wa sifindil laifi.

Sauke dek da kwance sifindil

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton yadda bel ya bi ta kan fuli-fuli. Wasu motocin suna da zanen a manne jikin dek, amma ranar nan ta ƙasar ta daɗe da cinye shi a mafi yawansu. Zare fil-fil ɗin da ke riƙe da hannuwan rataya na gaba da na baya, cire kebul ko sifirin na kunna wuƙa a hankali don yana da ƙarfin fizga, juya sitiyari ƙarshe, ka janyo dek ɗin ta gefe. Ɗora shi kan tebur ko kan tsofaffin tayoyi biyu. In lokacin zafi ne, ja shi inuwa. Dama daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma, kuma ƙarfen da ya sha rana ba ya kamuwa da hannu.

Batun sifana yana da ɗan tarko. Notunan da yawa daga cikin waɗannan motoci na inci ne, akwatunan sifana na nan kuwa galibi na milimita. Soket 13 yana hawa rabin inci da ɗan sako-sako, 16 yana maye gurbin 5/8, 24 yana maye gurbin 15/16, amma 14 ba zai shiga 9/16 ba, 15 kuma zai murje masa kai. In za ka iya, sayi ƙaramin saitin inci mai kusurwa shida ka huta.

Fara kwance notin fuli tun wuƙar tana jiki, domin ita za ta riƙe maka shaf. Cusa guntun katako tsakanin wuƙar da bangon dek, ka buɗe notin sama. Kife dek ɗin, ka sake tokare wuƙar da katakon, ka buɗe nata. Yawancinsu ana buɗewa ne yadda aka saba, ta hagu, amma akwai tsiraru masu zaren hagu, don haka in ya ƙi motsi duba littafin motar kafin ka ƙara masa bututu. Jera duk abin da ka cire a kan kwali bisa tsarin fitowarsa, washa da murfin ƙura da fulin kansa, fuskar da ke sama tana kallon sama. Fulin da aka mayar a kife yana cin bel cikin 'yan kwanaki.

Sai ƙusoshi uku ko huɗu da suka ɗaure gidan da dek, kuma a nan ne ake yawan yin asara. Ƙusar ƙarfe ce a cikin alminiyam, ga ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri da ake ban ruwa da shi, ga takin zamani, sai su haɗu su yi wani farin tsatsa da ke kama zaren gam. Goge su da burushin waya, fesa WD-40 ko wani mai irinsa, ka ba shi lokaci ya jiƙa. Buɗe kaɗan, mayar kaɗan, ƙara fesawa, haka har ta saki. In duk da haka ta karye, ba ƙarshen gidan ba ne: huda gurbin da dirila ka ratsa ƙusa mai noti, noti irin mai roba a ciki da ba ya warwarewa.

Fitar da shaf da tsoffin boris

Ɗora gidan a kan katako biyu ko bakin bayis, gindin shaf yana reto a sarari. Mayar da tsohon notin fuli har samansa ya yi daidai da kan shaf, ɗora katako, sannan ka buga da guduma. Wanda ya bugi zaren tsirara zai buɗe masa baki, noti ba zai sake hawa ba. Shaf zai sauka ta ƙasa, sau da yawa da boris na ƙasa a maƙale jikinsa. Kafin ka kori wanda ya rage a gida, leƙa ka ga ko akwai kilif mai zobe da ya tare shi. Wasu gidajen suna da shi, kuma in ka yi ta bugu a kansa bakin gidan ne zai fashe. Ture sifesa gefe da sandar ƙarfe mai lebur ɗin baki, ka riƙa bugun boris daga ciki, nan kaɗan, ɗaya gefen kaɗan, don ya fito a miƙe. Wanda ya maƙale a shaf kuma, tokare zobensa na ciki a bakin bayis ka kori shaf ɗin, ko ka kai warsha, wato wurin gyara, a matse maka shi da fires, injin matsa ƙarfe.

Duba gindin shaf da kyau, wurin da ya fito daga boris na ƙasa. Abin da za ka tarar a nan shi zai gaya maka abin da ya kashe shi. Igiyar leda, wayar ɗaure, guntun tiyon ɗigon ruwa, ko kabar dabino da zarenta sukan naɗe a wurin, su yi ta guga har su yanke robar boris, yashi ya samu ƙofa. In kuwa ka ɓalle robar ka ga giris ya koma ruwan ƙasa-ƙasa da tsatsa a 'ya'yan, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfen da ke tsakanin zoben ciki da na waje, ruwa ne ya shiga, kuma mai wanke motar da injin feshi ne ya sa shi.

Gidan da shaf sun cancanci gyara?

Wanke su da dizal ko kananzir, ka shanya, ka duba su a haske. Nemi tsagewa a kunnuwan da ƙusa ke shiga da kuma zagayen gurbin boris. Gidan da ya tsage a jefar da shi; walda a irin wannan alminiyam ba ta da tabbas, kuma abin da yake riƙe da shi wuƙa ce mai gudu kusa da ƙafafun mutane. Gwada tsohon boris a gurbinsa. In ya faɗa da kansa yana wasa, zoben waje ya daɗe yana juyawa ya cinye gurbin. Akwai masu bin gurbin da ɗigo-ɗigon ƙusa wai don ya kama, ni dai ban yarda da wannan ba, yakan riƙe na ɗan lokaci ne ya sake saki, kuma ya karkatar da boris. In sakin kaɗan ne, wanda sai ka tura da yatsa yake shiga, gam ɗin riƙe boris irin Loctite 641 yana yi. In ya wuce haka, sabon gida kawai.

Mirgina shaf a kan gilashi ko tebur mai santsi. In yana ɗingishi, ya lanƙwashe, galibi daga karo da kan feshin ruwa ko bakin kwalbati, kuma ba a miƙe shi. Duba tauraron da wuƙa ke zama a kai: na Husqvarna mai tsini biyar ne, na Cub Cadet da sauran ƙirar kamfanin MTD mai shida. In tsinin sun murje, wuƙa za ta riƙa zamewa komai ɗaurin da ka yi. Wurin zaman boris a jikin shaf, in tsatsa ce kawai, shafa shi da samfefa mai laushi sama-sama. In ya yi gurbi har farce yana maƙalewa, shi ma ya tafi.

Sayen boris

Tafi da tsoffin a leda, har da shaf ɗin. A shagunan nan rumman bili za ka ce a gane ka. Lambar tana jikin robar ko gefen zoben, kuma waɗanda suka fi yawa a wannan aiki uku ne: 6203 mai ramin milimita 17, faɗin waje 40, kauri 12, 6204 mai 20 da 47 da 14, sai 6205 mai 25 da 52 da 15. Kada ka ɗauka na sama da na ƙasa ɗaya ne, wasu sifindil ɗin ƙarami ne a sama, babba a ƙasa. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne akwai 6203 na musamman da aka yi wa rami na inci, 5/8 ko 3/4, ga shi a ido kamar na kullum. Shi ya sa za ka sa mai shago ya auna shaf ɗin da kalifa, ma'aunin kaurin ƙarfe, a gabanka, ka kuma gwada boris ɗin a bakinsa kafin ka biya.

Ka ce mai roba gefe biyu kake so, wanda aka rubuta wa 2RS. Kamfanin NSK suna rubuta DDU, na NTN kuma LLU, duk abu ɗaya ake nufi. Mai murfin ƙarfe, ZZ, bai dace da ƙasar da iska ke tashi da yashi ba, domin murfinsa ba ya taɓa zoben ciki, ƙura tana ratsawa. In ka ga C3 a ƙarshen lambar, alama ce ta ɗan ƙarin sarari a tsakanin 'ya'yan, abin da ke taimakawa in ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, don haka karɓe shi. Jabun SKF da NSK da Koyo suna yawo a kasuwa. In farashin ya faɗi ƙasa warwas, ko rubutun kwalin ya yi dishi-dishi, nemi wakilin kamfanin. Gara boris mai sauƙin kuɗi da ya fito da sunansa na gaskiya da wanda ya ari sunan wani. Sayi na duk sifindil ɗin motar lokaci guda, tunda tare suka sha wahala, kuma dek ɗin yana ƙasa.

Saka sababbi

Nan ne gyaran yake, sauran duk share fage ne. Ƙa'idar guda ce: ƙarfi ba ya ratsa 'ya'yan boris. In gida kake saka shi, zoben waje kaɗai za ka tura. In shaf kake sakawa, zoben ciki kaɗai za ka tokare. Bugu ɗaya da ya bi ta cikin 'ya'yan yana barin ƙananan lotsa a hanyarsu, ido ba ya gani, amma boris ɗin ya riga ya fara mutuwa tun kafin ya ga ciyawa.

Sa sababbin boris a firiza cikin ledarsu na kamar awa biyu, gidan kuma ajiye shi a rana a kan kwano. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, kuma ranar Riyad ko Makka ta ishe shi, ba sai ka kunna wuta ba. Shi boris mai roba kada ka gasa shi, zafin da ya haura digiri 80 na Salsiyas yana iya lalata robar da giris ɗin ciki. Shafa ɗan mai a gurbin, ɗora boris mai sanyi a miƙe, sau da yawa zai zame rabi da kansa. Don ƙarasa shi, hanyar da na fi so ita ce doguwar ƙusa mai zare da manyan washa biyu da noti: ratsa ta cikin gidan, ɗora tsohon zoben waje ko soket mai faɗinsa a kan sabon boris, ka riƙa ɗaure notin sannu a hankali har ka ji ya zauna a kafaɗarsa. In guduma ce kawai gare ka, bugi soket ɗin, ƙananan bugu a zagaye. Da ya kai ƙasa sautin zai canza daga kwas zuwa dum. In ya fara karkacewa, fitar da shi ka sake, kada ka ce bugu zai miƙe shi.

Na ƙasa ne farko, sai sifesa, sai na sama. Wani saurayi da ke aiki a gona wajen Kharj ya taɓa kawo wa wani dattijon makanike ɗan uwanmu sifindil a cikin buhu, yana ta faɗan an sayar masa da jabu, ko wata bai yi ba ya sake kuka. Dattijon ya juya shi sau ɗaya, ya kore shaf, ya leƙa ciki. "Ɗana, ina bututun da ke tsakiya?" Yaron ya sosa ƙeya. "Wallahi Baba, yana can cikin gwangwani, na ga kamar ba ya riƙe komai." Dattijon ya miƙa masa boris ɗin ya ce ya juya ya ji. Ba tare da sifesa ba, duk ƙarfin ɗaurin notin fuli yana matse zobunan ciki zuwa juna ta kan 'ya'yan, su yi zafi, giris ya narke ya tsiyaye. Aikin sifesa shi ne ya karɓi wannan matsin. In bakinsa ya lotse ko ya gajarce saboda gugar da ya sha, a yanka maka wani a wurin mai injin sassaƙa ƙarfe, tsawonsa daidai da tazarar kafaɗun gidan biyu.

Akwai tsohuwar gardama a kan gidajen da ke da bakin giris amma boris ɗinsu rufaffu ne gefe biyu. Wasu suna ɓalle robar da ke kallon ciki da bakin allura don giris ya isa 'ya'yan. Ra'ayina, wannan ya danganta da wanda zai riƙe motar. In kai ne, kuma ka san za ka riƙa ba ta giris, ɓalle na cikin, ka cika gidan da giris na litiyam mai lamba 2. In motar tana hannun ma'aikata da ake canzawa kowane lokaci, bar robobin yadda suke, ka dai cika sararin tsakiya da giris don ruwa ya rasa wurin kwanciya. Ko wanne ka zaɓa, in kana bugawa da famfon giris tsaya da zarar ka ji ya yi tauri, in ka matsa zai turo robar waje ta fita.

Mayar da murfin ƙura na ƙasa, shafa wa shaf ɗan giris, ka shigar da shi ta ƙasa yana bi ta tsakiyar sifesa. Lokacin da zai ratsa boris na sama, ɗora soket ko guntun bututu a kan zoben ciki don kada shaf ya ture shi waje. Juya da hannu: ya kamata ya tafi lum ba tare da cijewa ba.

Mayar da komai

Kankare busasshiyar ciyawa da tsatsa daga wurin zaman gidan a jikin dek, in ba haka ba zai zauna a karkace. In sabon gida ka saya ka ga ramukansa ba zare, ba kuskuren kamfani ba ne, ƙusoshin ne ke yanka zarensu da kansu. Shafa musu mai, ka shigar da su a miƙe da hannu, ban da injin iska. Ɗaure su bi da bi. Mayar da fuli da washarsa yadda ka jera su.

Kafin wuƙa ta koma, wasa ta, sannan ka rataye ta a ƙusa a bango ta ramin tsakiya. Gefen da ya rinjaya, rage shi da fayil har ta tsaya daidai. Wuƙar da ba ta da daidaito tana jijjiga sabon boris har ta kashe shi. Fukafukanta sama suke kallo, wajen dek, kuma wasu an buga musu BOTTOM ko GRASS SIDE a fuskar da ke kallon ƙasa. Tabbatar ta zauna cif a kan tauraron kafin ka fara ɗaurewa. Ƙarfin ɗaurin ya bambanta: littattafan Husqvarna da yawa suna cewa Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 62 zuwa 75, na Cub Cadet 95 zuwa 122, don haka bi na motarka, da sifana mai awo in akwai. Notin fuli ma haka.

Da ka rataya dek ka mayar da bel bisa hoton, daidaita iskar tayoyi huɗu, sannan ka auna tsayin bakin wuƙa daga daɓe. Juya ta rabin zagaye ka auna ɗaya bakin a daidai wurin. In bambancin ya wuce milimita 3, ko wuƙar ko shaf wani ya lanƙwashe. Dama da hagu su zo ɗaya, gaba kuma ya fi baya sauka da milimita 3 zuwa 6.

Mayar da fulogi da batir, kori yara da kowa daga wurin, ta da injin, ka kunna wuƙa na minti biyar. Kashe, zare makulli, jira komai ya tsaya cak, ka ɗora hannu a kan kowane gida. A zafin nan duk za su yi ɗumi, don haka gwada su da juna: in ɗaya ya fi sauran zafi har hannu ba ya zama, akwai abin da ya matse a ciki, buɗe shi tun yanzu. Bayan yankan farko sake bin ƙusoshin gidan da notin wuƙa da sifana.

Wajen wanki, iska ta fi ruwa. Hure dek da kwamfaresa ko ka kankare shi da katako. In dole sai ruwa, bari ya huce tukuna, domin gidan da ke da zafi in ruwan sanyi ya taɓa shi yakan zuƙo danshi ta gefen roba, kuma kada ka saita bakin feshi a kan fuli. Bayan wankin kunna wuƙa minti biyu ta watsar da ruwan. Yi yanka bayan ciyawa ta sha iska, ba da an kashe feshi ba, ka zaga filin da ƙafa ka tsince igiya da waya da kaba kafin ka hau, sannan duk ƙarshen mako ka leƙa gindin kowane shaf ka yanke abin da ya naɗe a wurin.